Goron Neman Makaranta

Duk wanda ya san Lukuman a gonar shanu ta Vom ya san ƙato ne. Shi kaɗai yake kama ƙahon bijimi ya murɗa shi ƙasa idan za a yi masa allura. Amma a tsayar masa da dattijo, ko da tsohon bai kai kafaɗarsa ba, nan take idanunsa za su koma kan yatsun ƙafarsa, muryarsa ta shige ciki. Haka aka rene shi a unguwar Dilimi cikin Jos, a gidan ƙanin mahaifinsa, Baffa Sharafaddeen. Ba a kallon babba ido cikin ido, ba a zama sai an ce zauna, yabon kai kuwa jahilci ne.

A ranin shekarar 2008 wata jami'a ta ƙasar waje ta ce za ta ɗauki mutum ɗaya daga jiharsu, ya je ya yi digiri na biyu a kan kiwon shanun madara, kyauta. Lukuman ya cika takardu ya aika, bai gaya wa kowa ba. Sai ga amsa. Za a yi masa intabiyu sau biyu. Na farko ido da ido, ranar Alhamis, a wani masauki a unguwar Rayfield. Wanda ya tsallake, sai ranar Talata ya gana da malaman jami'ar su kansu ta kwamfuta, suna ganinsa yana ganinsu.

Ya karanta takardar sau uku. Karatun yana so kamar ransa. Maganar ce matsala.

Mai gonar, Oga Dantong, shi ya fara ganewa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, shekara talatin da ɗaya ya yi a ofis kafin ya koma kiwo, kuma a cewarsa babu irin mai neman aikin da bai zauna a gabansa yana rawar jiki ba.

"Intabiyu ƙofa ne," in ji shi. "Daga yadda ka buga ƙofa an gama da kai. Sauran duka surutu ne. Zo mu je."

Ɗakin ajiye dusa ya zama ofis. Oga Dantong ya hau buhu ya harɗe ƙafa, ya sa tabarau. Lukuman ya tsaya a waje ya buga ƙofa.

"Wannan bugun ɗan sanda ne. Koma."

Ya sake bugawa, a hankali.

"Wannan kuma na ɓarawo ne, yana gwada ko akwai mutane a gida. Koma."

Sai a karo na tara aka ce ya shigo. Ya shigo ya tsaya.

"Da kyau, ba ka zauna ba. Yanzu zauna. Dube ni."

Lukuman ya ɗago kai ya dubi buhun da ke bayan Oga.

"Ni ina nan, kana kallon dusa. Ka ga wancan jan saniya? Shi ya fi ka iya intabiyu. Kullum yana kallona cikin ido, ko kunya babu. To, faɗa mini, me ka yi a gonan nan?"

"Ai ba ni ba ne, Oga. Ikon Allah ne, da taimakonku."

"Mun san ikon Allah ne. Wa ya haƙa rami?"

Lukuman ya sunkuyar da kai. Shi ya haƙa. Da can, rani na shigowa madara take ƙafewa, don babu ciyawa. Shi ne ya haƙa rami a bayan garke, ya sassara karan masara tun yana ɗanye, ya tattake shi a ciki, ya rufe da leda da ƙasa. Da rani ya yi tsanani ya buɗe, shanu suka ci, madara ta ci gaba da zuba har masu sayen nono suna tambaya ko asiri aka yi. Duk wannan yana cikinsa. Fitowa da shi ta baki ne ya gagara.

Kwana shida suna wannan aiki. Magana ba ta ƙaru ba, amma bugun ƙofa kam ya gyaru, har Oga Dantong ya ce ko gwamna ne a ciki sai ya ce a shigo.

Ranar Alhamis Lukuman ya sa farar riga ya tafi Rayfield. Mai gadi ya nuna masa lambu. Can tsakiyar furanni ga wata rumfar ciyawa, ga tebur, ga wani dattijo mai suna Farfesa Charles, wanda jami'ar ta wakilta. Rumfar ba ta da bango, balle ƙofa.

Lukuman ya tsaya. Ya kewaya rumfar sau ɗaya. Ya sake kewayawa. Farfesa yana binsa da ido, yana juya wuya. Da dai ya ga babu mafita, sai ya je jikin ginshiƙin rumfar ya buga sau uku, ba da ƙarfi ba, ba kuma a hankali ba.

"Shigo," in ji Farfesa, yana danne dariya. "A buɗe take."

Abin da ya cece shi ranar, hotuna ne. Ya zo da hotunan ramin da littafin da yake rubuta madarar kowace saniya. Farfesa yana tambaya, shi yana tura takarda, idonsa a kan tebur. Cikin mutum tara aka zaɓi biyu, har da shi. Amma da zai tafi Farfesa ya kira shi.

"Ɗana, ranar Talata babu takardar da za ta yi maka magana. Minti ashirin za su ba ka. Ɗayan yaron bakinsa kamar rediyo. Idan ba ka buɗe naka ba, shi zai tafi."

Ranar Asabar ya je gida Dilimi, ya durƙusa ya gaya wa Baffa. Baffa Sharafaddeen tsohon direban babbar mota ne, shekara ashirin yana bin hanyar kudu, yanzu yana cikin dattawan tasha. Abin da ya fi alfahari da shi, duk saurayin unguwa da zai nemi aure shi ake sawa a gaba, kuma bai taɓa shiga gida aka hana shi ba.

"Ka ce ka je Rayfield? Kai da wa?"

"Ni kaɗai, Baffa."

"Kai kaɗai. Daga bishiya ka faɗo? Ba ka da dangi? Mutane za su ba ka karatun shekara biyu, da ci da sha da wurin kwana, ka tafi musu hannu yana dukan cinya kamar mai zuwa aron tsintsiya? Abu mai daraja ba a nemansa da bakin yaro. Ranar Talata da ni za a je."

"Baffa, ai ta kwamfuta ne."

"Cikin kwamfutar mutane ne ko aljanu?"

"Mutane ne."

"Suna da iyaye?"

"Ina jin suna da su."

"To sun san mutunci."

Zuciyar Lukuman ta ce a'a da babbar murya. Bakinsa ya ce, "To, Baffa."

Ranar Litinin ya je shagon kwamfuta na Okey, kusa da kasuwar Taminus, don ya gwada. Okey haifaffen Jos ne, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya ware masa kwamfutar da ke kusa da taga, ya ɗora wata 'yar kyamara a kanta, ya jona lasifika da abin magana.

"Ka ga wannan ɗan idon? Shi za ka kalla. Kar ka kalli fuskarsu a gilashin kwamfuta. In ka kalli fuskarsu, su za su ga kamar ƙasa kake kallo. In ka kalli idon nan, sai su ga kana kallonsu."

Lukuman ya dubi ɗan idon. Baƙi ne, ƙarami, ba gemu, ba furfura. Ya ji wani sanyi a ransa. Wannan kam zai iya kallonsa har gobe.

"Sai dai akwai matsala," ya ce. "Baffana zai zo."

"Ya zo mana, akwai benci."

"Da goro zai zo."

Okey ya girgiza kai. "Oga Lukuman, ni janareta na iya gyarawa. Baffa kuma naka ne."

Talata ƙarfe goma da rabi suka iso. Baffa a gaba cikin babbar riga mai aiki, abokansa biyu na tasha a baya, ɗaya riƙe da ƙwaryar goro an rufe da faifai, ɗaya da ledar alawa. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa. Ɗaliban da ke duba sakamakon jarrabawa suka bar abin da suke yi suka juyo da kujeru.

Sha ɗaya daidai kwamfuta ta yi ƙara. Okey ya danna. Sai ga mutum biyu a gilashi, wata mata mai gajeren gashi da wani tsoho mai farin gemu. Lukuman yana ganin gemun nan ya tuna cewa a zaune yake, kuma babu wanda ya ce masa ya zauna. Ya miƙe zumbur. Hannunsa da kansa ya buga tebur sau uku.

"Muna ganin maɓallan riga," in ji matar da Turanci. "Ina mai rigar?"

Kafin ya sunkuya, Baffa ya ga kujera babu kowa.

"Madalla, yaro ya san ladabi," ya ce, ya tattara riga ya zauna. Sannan ya waiwayo. "Kai kuma me kake jira? Ina ka taɓa ganin ana nema wa mutum abu yana tsaye a kan manya? Fita waje. In an gama za a kira ka."

"Baffa..."

"Waje."

Lukuman ya fita. Ya kewaya ya tsaya a jikin tagar, ya riƙe ƙarafunanta. Daga nan bayan kwamfutar kawai yake gani, da fuskar Baffa, da agogon bango. Amma yana jin komai.

Baffa ya yi sallama, sannan ya kwance Turancinsa na hanyar kudu. Ya tambaye su kwana. Ya tambayi gida. Ya tambayi yara, da aiki, da sanyi, da gajiya. Maganar tana ɗaukar lokaci kafin ta isa can, saboda haka yana tambaya ta huɗu suna amsa ta biyu. Duk sanda matar ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai ta ci karo da wata gaisuwar. Abokan Baffa suna daga baya suna cewa madalla, madalla.

Minti huɗu.

Can sai hoto ya tsaya cak, matar baki buɗe.

"Kun gani?" Baffa ya ce wa abokansa. "Magana ta shige ta. Ta rasa ta cewa."

"Baba, layi ne ya tsinke," in ji Okey, yana jijjiga waya.

"Kai dai yi aikinka."

Da hoto ya dawo, Baffa ya karɓi ƙwarya ya buɗe ya kai ta dab da kyamara. Tsohon mai gemu ya tambaya ko wani abu ya lalace, don ba sa ganin komai sai wasu jajayen duwatsu. Baffa ya bayyana musu cewa goro ne, ɗari cif, ba a taɓa ko ɗaya ba, kuma Okey zai san yadda za a aika.

Minti bakwai. Gumi ya jiƙa farar rigar Lukuman.

Sai Baffa ya gyara zama ya shiga maganar da ta kawo shi. Ya ce sun ga wani abin alheri a gidansu, sun zo nema wa ɗansu. Ya ce yaron dai yaro ne, bai san komai ba, in ban da cin tuwo babu abin da ya iya. Ya ce su yi haƙuri da shi, in ya yi ba daidai ba su tsawata masa, ɗansu ne.

Lukuman ya san wannan magana. Ita ce maganar da ta dace, haka kowane uba na kirki yake faɗa. Amma ya ji shirun da ya biyo baya daga cikin lasifika, ya san can ba haka aka ji ta ba.

"Malam, mun gode," in ji tsohon. "Amma shi muke son gani. Yana ina?"

"Yana waje. Yana da kunya. Duk abin da za ku tambaya ku tambaye ni, ni na rene shi."

Aka yi 'yan ƙus-ƙus a can. Agogo ya ce minti goma sha ɗaya. Sannan tsohon ya ce, da muryar wanda ya riga ya haƙura, "To. Ya rubuta mana cewa yana adana abincin shanu a rami. Yaya yake yi?"

Baffa bai taɓa taka gonar Vom ba. Amma kuma ba a taɓa yi masa tambaya a gaban mutane ya ce bai sani ba.

"Abu mai sauƙi," ya ce. "Sai ya shanya kara a rana ya bushe ƙarau. Ya zuba a rami. Ya kwarara ruwa da kanwa. Sannan ya bar ramin a buɗe ya sha iska sosai."

"A buɗe?" in ji tsohon. "Bari in rubuta."

An ce bai san komai ba, ya haɗiye. An ce tuwo kawai ya iya, ya haɗiye. Amma wannan, duk wanda ya yi shi, cikin mako biyu ramin zai zama taki mai wari, saniyar da ta ci kuwa sai dai a nemo wuƙa. Ga shi kuma wani yana rubutawa, da sunansa a sama.

"A'a!"

Muryar da yake tsayar da bijimi ce ta fito. Mai riƙe da alawa ya saki leda.

"Ba haka ba ne, Baffa! Ɗanye ake sarawa! Ba a zuba ruwa! Iska kuwa ita ce ke kashe shi, ko kaɗan ba a bari ta shiga!"

"Wane ne wannan?" in ji matar.

Okey bai jira kowa ba. Ya juya ɗan idon ya fuskanci taga, ya ja wayar abin magana iyakar tsawonta ya miƙa ta tsakanin ƙarafa.

"Kai ne Lukuman?" Muryarta ta canza. "Lafiya kuwa? A tsare kake?"

"A'a, ranki ya daɗe, taga ce."

Ba ya ganin gemu, ba ya ganin kowa, sai ɗan baƙin idon nan. Ya dube shi ya juya harshe zuwa Turanci. Ya ce shi ya haƙa ramin, zurfinsa ya kai ƙirjinsa. Ya ce shekarar farko ya ruɓe, don bai tattake da kyau ba. Shekara ta biyu ɓera ya huda leda, gefe guda ya lalace, daga nan ya koyi ɗora ƙasa mai kauri. Ya faɗi yadda ake gane mai kyau da hanci, ƙamshinsa tsami-tsami kamar kunun da ya kwana. Ya faɗi madarar jar saniya kafin rami da bayan rami, bai duba littafi ba. Tsohon ya jefo tambaya, ya amsa. Matar ta jefo, ya amsa, har ya ce mata a nan littattafai sun yi kuskure, don ƙasar Vom ba ta riƙe ruwa kamar yadda suka ce. Wani mai tura baro ya tsaya a bayansa yana saurare, mai lemo ma ta matso.

Minti ashirin ya wuce babu wanda ya kula. Sai da janareta ya fara tari sannan matar ta ce sun gode, za su rubuto, kuma ya gaishe musu da dattijon.

Lukuman ya saki ƙarafan taga. Sai a lokacin ya ga kujerar babu kowa. Takalma uku na bakin ƙofa ma babu su.

Kwana biyu Baffa bai amsa gaisuwarsa ba. Idan ya durƙusa, Baffa sai ya juya ya tambayi matarsa Inna ko ta ji wani ya yi magana. Lukuman bai koma Vom ba, bai iya cin abinci ba. Tun da aka haife shi bai taɓa ce wa Baffa a'a ba, sai ga shi ya faɗa a gaban abokansa da Turawa da mai lemo.

Ranar Alhamis da hantsi Okey ya aiko a kira shi. Ya miƙa masa takarda mai ɗumi, yanzu ta fito daga inji. Lukuman ya karanta layin farko, ya zauna a kan benci. An ɗauke shi. Watan tara zai tafi.

Bai tsaya ko'ina ba sai tasha. Baffa yana ƙarƙashin rumfa da dattawa. Lukuman ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya miƙa takardar da hannu biyu.

"Baffa, na yi laifi. A yafe mini."

Baffa ya bar shi a durƙushe. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ba wani yaron mota mai boko ya karanta da ƙarfi, ya sa aka maimaita. Sannan ya dubi dattawa.

"Kun ji ko? Na san yaron nan. In ba a taka masa wutsiya ba, ba ya haushi. Da gangan na karkata maganar. Kuna tsammani ban san yadda ake binne kara ba?"

Dattawa suka ce wane mutum, ai sun gane tun a wurin. Aka yi addu'a, aka shafa.

Baffa ya miƙe ya ce Lukuman ya raka shi. Suka bi bayan manyan motoci, har inda babu kowa sai wani makanike da ke barci a ƙarƙashin tirela. Baffa ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Kai, da gaske ɗanye ake binnewa? Ba ya ruɓewa?"

"Ba ya ruɓewa, Baffa, in dai iska ba ta shiga ba."

"Akuya tana ci?"

"Tana ci."

Baffa ya shafa haɓa.

"Kafin ka tafi ka haƙa mini ɗaya a bayan gida. Ƙarami. Kuma kar mutanen tasha su ji."